Yadda Ake Rage Ƙiba Da Abincin Gida, Da Gaskiyar Magana Kan Magungunan Ƙona Kitse

Tambayar ɗaya ce kullum, kalamanta ne kawai ke canzawa. Wannan ta ce wane shayi ne ke zubar da tumbi, wancan ya ce wane kafso ne ke ƙona kitse ba tare da illa ba, wata kuma ta ce ta daina cin abincin dare wata guda amma sikeli ko gezau. Duk masu tambayar nan sun faro ne daga ƙarshe. Magani shi ne mataki na ƙarshe, kuma yawancin mutane ba sa ma buƙatar isa wurinsa. Ƙibar da ta tafi ba ta dawo ba, daga tukunyar gidan mutum take fita, da irin abincin da zai iya ci shekara da shekaru ba tare da ya gaji ba. Don haka ga yadda ake bin abin daki-daki, kuma jerin nan da gangan aka yi shi, kada a tsallake.

1. Awo kafin komai

Kayan aikin kaɗan ne: sikeli, tef ɗin awo irin na tela, da ƙaramin littafi. Idan babu sikeli a gida, ba dole ne a saya ba, ana hawa a kemis ko a asibitin unguwa da kuɗi kaɗan. Sharaɗin dai shi ne sikeli ɗaya za ku riƙa hawa, sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo, da kaya marasa nauyi.

Ku auna tsayinku da mita, ku ninka shi da kansa, sai ku raba nauyinku da abin da ya fito. Wannan shi ne lissafin da likitoci ke kira BMI. Misali, mace mai kilo 85 da tsayin mita 1.62: idan aka ninka 1.62 da 1.62 za a samu 2.62, a raba 85 da shi a samu 32 da ɗoriya. Daga 18.5 zuwa 24.9 nauyi daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 ya fara yawa, daga 30 zuwa sama ƙiba ce da ke buƙatar kulawa.

Awon ƙugu ya fi wannan faɗin gaskiya, domin kitsen ciki shi ne ke tafe da ciwon suga da hawan jini. Ku yanki zare daidai tsayinku, ku ninka shi biyu, ku zagaya shi ta wajen cibiya. Idan bakin zaren bai haɗu ba, ƙugunku ya wuce rabin tsayinku, akwai aiki.

A makon nan kuma ku je a auna muku jini da suga. Hawan jini na farawa ne daga 140/90, suga kuma idan ya kai 126 a ma'aunin mg/dL kafin a ci komai da safe, to sai an sake gwadawa an ga likita.

Sannan ku sa wa kanku buri mai yiwuwa. Zubar da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi a wata shida ya isa ya sauko da jini da suga. Ga mai kilo 85, kilo 4 zuwa 8 ke nan. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa masu dab da kamuwa da ciwon suga da aka ɗora kan rage kashi 7 na nauyinsu tare da tafiyar minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da jiki ke ɗauka.

*Hattara:* mai juna biyu ba ta rage ƙiba. Mai jego ta bari jikinta ya dawo kuma nono ya kankama, kamar wata biyu, sannan ta bi a hankali. Mai yin allurar insulin ko shan maganin suga irin su glibenclamide kada ya rage abinci sai da sanin likitansa, don suga na iya faɗuwa ƙasa ya sume. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya nema ba, wannan ba abin murna ba ne, asibiti zai nufa.

2. Mako ɗaya na rubutu, ba tare da canza komai ba

Kwana bakwai ku rubuta duk abin da ya shiga bakinku, da lokacinsa. Har da ɗanɗanon miya, da ragowar indomin yara da aka ƙi zubarwa, da gyaɗar da aka saya a bakin titi, da shayin da aka sha a wurin mai shayi bayan Isha'i. Mutane da yawa na rantsuwa cewa ba sa cin abinci, kuma ba ƙarya suke yi ba, tuwo ne kawai suke lissafawa a matsayin abinci. Littafin nan zai nuna muku ta ina ruwa ke shiga gida.

Ku rubuta har da magungunan da kuke sha. Dexamethasone da cyproheptadine, waɗanda ake haɗawa a sayar da sunan sha-ka-fashe, suna kumbura jiki su buɗe ciki. Prednisolone ma haka, da wasu magungunan ƙwaƙwalwa, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku ga wasu mata. Mace mai rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa, ko mai yawan kasala da jin sanyi da kumburin wuya, ta faɗa wa likita, don akwai cututtukan da ke riƙe ƙiba komai ƙoƙarin mutum.

*Hattara:* wanda ya daɗe yana shan dexamethasone ko prednisolone kada ya yanke rana ɗaya. A hankali ake saukowa da shi, a hannun likita.

3. A fara da abin sha

Nan ne riba ta fi yawa, wahala ta fi ƙaranci. Robar lemon kwalba mai 50cl tana ɗauke da sukari kusan giram 53, wato ƙaramin cokali goma sha uku, kalori sama da 200 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wanda rararsa ke zama kitse). Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, kuma ya fi kyau a tsaya a 25. Roba ɗaya ta cinye kason yini gaba ɗaya, kuma ba ta ƙosar da kowa ba. Mai shan ɗaya kullum yana zuba wa jikinsa kalori fiye da 6,000 a wata, alhali kilo ɗaya na kitse kimanin kalori 7,700 ne.

Lemon malt bai fi shi sauƙi ba, duk da sunan da ya yi na ƙarin jini. Lemon kwali ma haka. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi na sayarwa, babu wanda ya san yawan sukarin da aka zuba musu sai mai damawa. Shayin mai shayi kuwa, da madarar gwangwani da Bournvita da sukari cokali huɗu, abinci ne cikakke da ake kora burodi da shi.

Abin yi shi ne a makon farko a raba sukarin shayi da koko da kunu biyu, a mako na uku a sake rabawa. Harshe na sabawa cikin 'yan makonni. Zoɓo a dafa a gida da citta da kanumfari da ɓawon abarba, a sa sukari kaɗan ko a bar shi haka. Lemon kwalba a mayar da shi abin biki. Fura da nono kada a ɗauke ta abin sha, abincin rana ce sukutum, idan an sha ta da rana to an ci abinci, kuma a dama ta ba sukari. Kuɗin da ake kashewa a lemo a wata, ku lissafa shi da kanku, shi ne zai saya muku ƙwai da ganyen da ke tafe a mataki na biyar.

*Hattara:* zuma da mazarƙwaila da dabinon da aka markaɗa duk sukari ne a wurin jiki. Sauya farin sukari da zuma cokali uku bai rage komai ba.

4. A riƙa auna mai

Babban cokali ɗaya na mai, ko man gyaɗa ko manja ko man shanu ko man zaitun, kalori 120 ne ko kusa da haka. Gwangwanin madara ɗaya na mai ya kai cokali goma, wato kalori 1,200 a tukunya ɗaya. Babu wani abu a kicin da ke ɗauke da nauyi haka a ɗan ƙaramin wuri, kuma babu wanda ake zubawa da ka kamar sa.

A daina tuttulawa daga galan. A ajiye cokali kusa da murhu, a ƙidaya. Miyar kuka da kuɓewa da karkashi ba sa buƙatar mai mai yawa, daddawa da busasshen kifi ne ke ba su daɗi. Miyar dage-dage ce matsala: a tafasa kayan miyan su tsotse tukuna, sannan a sa mai kaɗan, wanda ya taso sama kuma a kwashe. Garau-garau da ɗanwake da taliya da manja, kowa ya zuba cokali ɗaya a farantinsa ya tsaya.

Suya kuma a rage yawanta a mako. Waken da ake ƙosai da shi, shi ake alala da shi. Awara tana shan mai sosai idan aka soya, amma idan aka yanka ta aka jefa cikin miya ko aka gasa, abinci ne mai kyau mai araha. Kifi a gasa, dankali a dafa, kaza a cire fatar. Tsire da balangu ba laifi idan an zaɓi tsoka aka bar kitsen, aka haɗa da albasa da tumatir da kabeji.

A taɓa gishiri ma a nan. Giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, kuma dunƙulen magi yawancinsa gishiri ne. Ba ya sa ƙiba, amma yana riƙe ruwa yana ɗaga jini.

5. A sake tsarin faranti, ba a sake tukunya ba

Kuskuren da ya fi kashe wa mutane gwiwa shi ne dafa abinci daban. Uwargida ta dafa wa gida tuwo, ita ta koma gefe da kokwamba da tuffa. Kwana goma ba ta kaiwa, ga tsada ga yunwa ga ƙamshin miya. Tsarin da ke ɗorewa shi ne wanda za a ci daga tukunyar da kowa ke ci, yawan ne kawai da haɗin za su bambanta.

Ku samu farantinku na kanku, madaidaici. Cin abinci a tire ɗaya da jama'a akwai albarka da zumunci, sai dai mutum ba ya sanin iya abin da ya ci. Ku ɗebi naku tukuna, sannan ku zauna tare da su.

Rabin farantin ganye ne da kayan lambu: zogale, rama, alayyahu, yakuwa, tafasa, kabeji, latas, yalo, kabewa, karas, duk wanda kaka ta kawo ya yi araha. Giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace ake so a yini, kamar cikin tafin hannu biyar. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli kaɗan ya fi duk wani salak na otal, musamman wanda aka lafta wa bama. Da rani idan ganye ya yi tsada, busasshen zogale da kuka da busasshiyar kuɓewa suna nan.

Kashi ɗaya cikin huɗu abincin gina jiki ne: wake, awara, ƙwai, kifi, nama, kindirmo. Shi ne ke riƙe ciki, kuma shi ne ke hana tsoka zubewa tare da kitse. Ƙwai ɗaya kalori 70 zuwa 80 ne kawai. Idan nama ya gagara, wake da waken suya sun wadatar, haka fara a lokacinta, in dai ba ta sha mai ba.

Ragowar kashi ɗaya cikin huɗun shi ne tuwo ko shinkafa ko taliya ko doya, gwargwadon dunƙulen hannun mai ci. Malmala ɗaya madaidaiciya da miya mai yawa, maimakon malmala uku da miya 'yar kaɗan. Garau-garau a juya shi, wake ya fi shinkafa yawa. Fate da dambu a cika su da ganye. Gero da dawa da alkama da ba a surfe su tas ba sun fi daɗewa a ciki, don dusar nan da ake ba tumaki ita ce mai amfanin.

Akwai wata magana da ta yaɗu wadda ya kamata a gyara. Ana cewa acca da tuwon alkama ba sa sa ƙiba, masu suga ma su ci iya son ransu. Ba haka ba ne. Abinci ne masu kyau, amma nauyin kalorinsu bai yi nisa da na shinkafa ba. Malmala uku ta acca malmala uku ce.

A fara da ganye da miya da nama, a ƙare da tuwo, a ci a hankali. Saƙon ƙoshi yana ɗaukar kamar minti ashirin kafin ya isa ƙwaƙwalwa, mai ci da sauri kan wuce wurin tsayawa bai sani ba. Hadisin nan da kowa ya haddace na raba ciki uku, kaso ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, shi ne ma'aunin da ya fi sauƙin riƙewa.

*Hattara:* kada a yanke tuwo da shinkafa gaba ɗaya, kuma kada a koma ci sau ɗaya a yini don gaggawa. Kilo biyu ko ukun da ke zubewa a makon farko na irin wannan horon yawancinsu ruwa ne. Ramewa da sauri sosai na iya jawo tsakuwa a matsarmama da zubewar gashi da jiri, kuma ƙibar kan dawo da ƙari.

6. Lokutan ci, ƙwalama da azumi

Karin kumallo mai riƙe ciki shi ne ke hana ƙwalamar hantsi: koko ba sukari da alala, ko ɗumame kaɗan da miya, ko dafaffen ƙwai biyu da burodi yanka biyu. Abincin dare a ci da wuri, bayan Magariba ya fi ƙarfe goma. Idan yunwa ta taso tsakani, ga gwaiba, gwanda, kankana, lemon zaƙi da a ci da tsokarsa, yalo, karas. Gyaɗa da aya abinci ne masu kyau amma masu nauyi, giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550, don haka cikin tafin hannu ɗaya ya isa. Cincin da fanke da biskit kada a ajiye su a ɗaki.

Azumin Litinin da Alhamis na iya taimakawa, da sharaɗin ba za a rama da daddare ba. Shi ya sa wasu ke fita daga Ramadan sun fi yadda suka shiga nauyi: ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai, kunu mai sukari, zoɓo, sannan abinci mai nauyi bayan tarawihi. A buɗe baki da ruwa da dabino biyu ko uku, a yi salla, a dawo kan faranti irin na mataki na biyar.

7. Tafiya, ƙarfi da barci

Minti 150 zuwa 300 a mako na tafiya mai ɗan sauri, wadda za a iya magana a cikinta amma ba za a iya rera waƙa ba. Minti talatin sau biyar ke nan a mafi ƙaranci. Bayan Asuba ko dab da Magariba ya fi, musamman a watannin bazara. Wanda ba shi da lokaci ya sauka daga adaidaita sahu kafin ya kai inda za shi, ya ƙarasa da ƙafa. Matar da ba ta cika fita ba, tsakar gida ya ishe ta, minti goma bayan kowane abinci. Kwana biyu a mako a ƙara da abin da ke gina tsoka: tashi-zauna daga kan kujera, tura bango da hannu, ɗaga galan ɗin ruwa.

Motsa jiki shi kaɗai ba ya zubar da nauyi mai yawa, don tafiyar minti talatin ba ta cika ƙone robar lemo ɗaya ba. Babban amfaninsa shi ne lafiyar zuciya da hana ƙibar dawowa. Barci kuma a samu awa bakwai, mai kwana kan waya yunwarsa ta fi yawa washegari.

*Hattara:* bel ɗin ɗaure ciki da rigar leda mai sa gumi da man shafawa a tumbi ba sa cire kitse. Gumi ruwa ne, kofi biyu za su mayar da shi. Kuma babu atisayen da ke zaɓar tumbi shi kaɗai ya rage. Mai ciwon gwiwa ya bar tsallen igiya, mai jin ciwon ƙirji ko haki mai tsanani ya tsaya ya ga likita.

8. Bakin mutane da tsayawar sikeli

Da kun fara sauka za a fara tambaya: "Lafiya kuwa? Kin rame." Wata gwaggo ma za ta ja ki gefe ta tambaya ko maigidan ne ba ya kula da ke, don har yanzu a wurin mutane da yawa ƙiba alamar hutu ce. Amsa gajera ta isa: "Lafiya lau Gwaggo, likita ne ya ce in rage saboda jini." A gidan biki ko suna ko gidan surukai ba a ƙin abinci, a karɓa, a ci kaɗan, a yaba, lemon kuma a tafi wa yara da shi. Rana ɗaya ba ta rushe aikin wata guda.

Bayan wata biyu ko uku sikeli zai tsaya. Kowa na fuskantar wannan, don jikin da ya ragu ba ya ƙona abin da yake ƙonawa da. Wani lokaci ma ruwa ne kawai, na al'ada ko na gishiri. A duba zaren ƙugu da yadda kaya ke zama a jiki. Idan mako huɗu sun wuce ba motsi ta ko'ina, a koma mataki na biyu a sake rubutun mako guda. Galibi za a tarar cokalin mai ya koma ludayi, malmala ta girma.

A daidai wannan gaɓar ce masu tallan magani ke samun kasuwa.

9. Magungunan ƙona kitse: a san abin da ke ciki

Shayin rage tumbi yawancinsa ganyen senna ne, wato dangin filasko da kakanninmu ke sha don wankin ciki. Gudawa yake sawa. Ciki ya lafe, sikeli ya sauka, amma kashi ne da ruwa suka fita, kitse na nan inda yake, don jiki ya riga ya tsotse abincin kafin maganin ya yi aiki a babban hanji. Shan sa kullum na zubar da sinadarin potassium da zuciya ke buƙata, ya kuma sangarta hanji. Magungunan sa yawan fitsari, har da Lasix da wasu ke sha ba bisa ƙa'ida ba, su ma ruwa kawai suke cirewa, ƙoda ce ke biya.

Kafso masu sunan ƙona kitse galibi kafeyin ne mai yawa, wato sinadarin da ke cikin kofi da goro, da tataccen koren shayi, da garcinia, wani ɗan itace da ake tatsa. Kafeyin na ɗan ƙara ƙona kalori, amma kaɗan ne, kuma jiki na sabawa. Iyakar babba miligiram 400 ne a yini, wasu kafso kuwa ba sa faɗin nawa suka zuba. Koren shayi na kofi ba shi da matsala, sai dai bitar da ƙungiyar masu tantance binciken lafiya ta Cochrane ta yi a 2012 ta samu cewa nauyin da yake ragewa bai taka kara ya karya ba. Tataccensa na kafso kuma, hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi a 2018 cewa daga miligiram 800 na sinadarinsa EGCG a yini yana iya taɓa hanta. Garcinia an gwada shi a 1998 ba a ga ya fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba, kuma an samu masu ciwon hanta ta dalilinsa.

Ruwan ɗumi da lemon tsami, khal, citta, kirfa, hulba, habbatus sauda: a abinci ko a shayi babu laifi, kuma idan sun maye gurbin shayi mai sukari an ci riba. Amma ba sa narkar da kitse. Khal da lemon tsami tsagwaronsu suna cin haƙora, suna tayar wa mai olsa da ƙwannafi.

Mafi haɗari su ne waɗanda ke aiki da gaske, don sau da yawa an ɓoye wani abu a ciki. Sibutramine magani ne da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma har yau hukumomi na gano shi a cikin kofi da kafso da aka rubuta musu "ganye zalla". Amurka ta haramta ephedra, wani ganye da ake sawa a kayan rage ƙiba, a 2004 bayan mace-mace. An janye kayan Hydroxycut a 2009, da OxyElite Pro a 2013, duka saboda lalata hanta. A Beljiyam, farkon shekarun 1990, mata kusan ɗari ne suka samu ciwon ƙoda bayan shan haɗin ganyen rage ƙiba a wani asibiti a Brussels. DNP kuwa guba ce ta masana'antu da ke ɗaga zafin jiki har mutum ya mutu, kuma ba ta da makari.

Idan duk da haka mutum ya nace sai ya saya, to ya bi waɗannan. Ya duba lambar rajistar NAFDAC, ya tabbatar da ita a kundin hukumar na intanet mai suna Greenbook, don ana buga lambar ƙarya. Ya sani cewa lambar maganin gargajiya mai ƙarewa da harafin L tana nufin an duba rashin cutarwarsa ne, ba a tabbatar yana yin aikin da aka ce ba, kuma haka ake rubutawa a jikin kwalin. Ya guji duk abin da ba a jera sinadaransa da adadinsu ba, da wanda aka ɗura a roba ko leda ba suna, da mai alƙawarin kilo goma a wata, da wanda shaidarsa hotunan "da" da "yanzu" ne a WhatsApp da TikTok. Ya nuna wa ƙwararren mai haɗa magunguna kwalin tare da sauran magungunan da yake sha. Sannan ya ninka kuɗin kwalin sau goma sha biyu, ya ga abin da zai kashe a shekara.

*Hattara:* mai juna biyu, mai shayarwa, mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko hanta ko ƙoda, da yaron da bai kai shekara 18 ba, babu ruwansu da waɗannan kayan. Wanda ya sha ya ji zuciya na dukan uku-uku, ko rashin barci da bushewar baki, ko zazzafan gumi, ko ido ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya daina nan take ya tafi asibiti da kwalin a hannu.

10. Maganin da likita ke rubutawa

Akwai magungunan ƙiba na gaskiya, kuma ana ba wanda BMI ɗinsa ya kai 30, ko 27 idan yana da suga ko hawan jini, bayan ya bi matakan baya na wasu watanni bai kai inda ake so ba.

Orlistat na hana hanji tsotsar kusan kashi ɗaya cikin uku na man da aka ci. Ragin da yake ƙarawa 'yan kiloli ne a shekara, kuma wanda ya sha shi ya ci abinci mai maiƙo zai ga mai a bayan gida, wani lokaci ba tare da ya shirya ba. Yana rage shigar bitamin A da D da E da K, shi ya sa ake haɗawa da ƙwayar bitamin da daddare.

Semaglutide, wanda aka fi sani da Ozempic ko Wegovy, allura ce ta mako-mako da ke rage sha'awar abinci. A babban gwajinsa mutane sun zubar da kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68, amma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar cikin shekara guda. Yana da tsada ƙwarai, yana sa tashin zuciya da amai, yana buƙatar firji, abin da ba ƙaramar magana ba ce inda wuta ba ta tsayawa. Mai neman haihuwa sai ta daina shi wata biyu kafin ɗaukar ciki. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunsa da aka kama a Birazil da Birtaniya da Amurka, don haka wanda ake tallatawa a waya ba tare da takardar likita ba, ba abin tsira wa jiki ba ne.

Ranar zuwa ganin likita a tafi da littafin nan na awo da rubutun abinci, da sakamakon jini da suga, da kwalayen duk abin da aka taɓa sha don rage ƙiba, har da na gargajiya. A tambaye shi nawa maganin zai ci a wata, tsawon wane lokaci za a sha, da gwajin da za a riƙa yi a tsakani.